Ciko da daɓe kafin a zuba fandisho: me 'yan zaure suka gani?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin in yi wa kaina ɓarna da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Allah ya hore mini fili ƙafa 50 da 75 a wajejen Ɗanbare. Matsalarsa ɗaya, ya yi ƙasa da titi da kusan ƙafa biyu, ta baya ma kwarin ya fi haka. Maginin da na kai ya ce in sayo ƙasa tifa-tifa yanzu da bazara a juye a baje, a bar wa damina ta daddaɓe ta, da kaka sai a tona fandisho a kai. Wani kuma ya ce sam, fandisho ake fara fitarwa, ciko ya biyo baya. Wanne zan kama? Sannan injin daɓen nan da ake haya, dole ne, ko na hannu ya wadatar?

Shugaban zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya sa a shiga lafiya. Baba Magini da Injiniya, ga naku ya zo.

Baba Magini: Amin. Ɗana, na biyun nan shi ya gaya maka gaskiya. Harsashi ba ya zama a kan ƙasar da aka kawo jiya. Sai ka tona ka wuce duk abin da hannun mutum ya zuba, ka tarar da ƙasar asali, wadda in ka kafta mata diga za ka ji ta amsa maka a kafaɗa. A nan ake zuba kankare, a ɗora bulo har a haura titi, sannan a cike cikin ɗakuna. Cikon nan daɓen ɗaki kawai zai ɗauka, bango kuwa yana tsaye da ƙafarsa a ƙasa mai ƙwari.

Amma kafin ka sayi ko baro ɗaya na ƙasa, ka je ka gaida dattawan unguwar, ka tambaye su me ke wurin nan shekara ashirin da suka wuce. Kwarin da ka ce yana baya shi ya tsaya mini a rai. A Kano rami ba ya zama banza. Kududdufan da kake gani, yawancinsu ƙasar gini aka ɗiba a cikinsu, daga baya aka mayar da su juji, da suka cika aka watsa musu jar ƙasa a fuska aka yanka filaye. Na taɓa tona wani harsashi, ƙafa uku ƙasa jawur gwanin sha'awa, a ta huɗu sai ga leda da tsofaffin silifa. Ban da kududdufi akwai tsohuwar rijiya, akwai masai da aka rufe, akwai kututturen itace da aka binne. Duk waɗannan suna lotsawa a hankali.

Baban Khalifa: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wanda ya sayar mini cewa ya yi gona ce.

Baba Magini: Mai sayarwa ai gona zai ce. Ka sa yara su haƙa maka rami a kusurwa huɗu da tsakiya, kowanne ya kai ƙirjin mutum. Kuɗin lebura na yini ɗaya ne. Gani ya kori ji.

Injiniya: Abin da Baba ya faɗa na sa hannu a kai. Bari in ɗan tsaya a kan maganar “damina ta daddaɓe”, domin ita ce ta fi yawo a bakin mutane, kuma tana da 'yar gaskiya a ciki, shi ya sa ta ƙi mutuwa.

Ƙasar da tifa ta juye cike take da iska tsakanin ƙwayoyinta. Daɓe ba komai ba ne illa korar iskar nan, ƙwayoyin su matsu da juna. Ruwan sama yana iya yin wannan aiki a yashi da rairayi, saboda ruwa yana ratsa su ya ja ƙwayoyin su zauna. Jar ƙasa ba haka take ba, tana da yumɓu a jikinta. Ruwan farko zai liƙe samanta ta yi ɓawo, sauran ruwan ya gangare ta gefe. Da kaka ka zo ka taka ka ji tauri, ka ce ta zauna, alhali tafin hannu biyu ne kawai ya yi ƙwari, ƙasansa ɓurɓushi ne da hoge-hoge. Ranar da ka ɗora mata nauyi, ko bututu ya fara yoyo a ciki, ranar za ta fara zaman da ba ta yi ba.

Kuma zama a kansa ba shi ne abin tsoro ba. Kowane gini yana ɗan zama. Abin da ke tsaga bango shi ne gefe ɗaya ya zauna, ɗayan ya ƙi. Filinka irin wanda ke haifar da haka ne, tunda cikon baya zai fi na gaba kauri. Alamarsa tsaga ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo kamar matakala, ƙofa ta fara cijewa. Wannan daban take da 'yar tsagar filasta mai kamar gashi.

Yadda ake yi kuwa shi ne hawa-hawa. A fara kankare ƙasar sama, baƙar nan mai saiwa da ciyawa, inci 6 zuwa ƙafa ɗaya gwargwadon wuri, a fitar da ita daga inda gini zai zauna. Kada a zubar, ta shuka ce. Sai a daɓe ƙasan da aka buɗe tukuna. Sannan a baje ciko kamar inci 8, a yayyafa ruwa, a daɓe ya koma kamar inci 6, a sake baje wani. Cikon ƙafa biyu ke nan hawa huɗu. Da madaɓin hannu kuwa a rage kaurin, kada hawa ya wuce inci 4, domin ƙarfinsa ba ya kaiwa ƙasa.

Ɗan Autan Zaure: Injiniya, hawa huɗu? Wallahi a layinmu tifa ce take juyewa, yara su baje da shebur, a kira mai tankar ruwa ya malale wurin ya zama fadama, bayan kwana uku a zuba jaman fulo, wato kankaren daɓen ƙasa. Kuma gidajen suna nan tsaye.

Maman Ilham: Auta, suna tsaye, amma ka shiga ciki ka ƙwanƙwasa tayil ɗin ka ji. Ni ce shaida. Haka aka yi mana, ranar ina wurin har ina murna aiki yana sauri. Shekara biyu da tarewa tsakiyar falo ta fara amsa kuwwa in an taka, kamar ana tafiya a kan ganga. A ta uku tayil ya tsage tun daga ƙofar kicin har gindin kujera, in an yi mofin ruwa ya taru a tsakiya. Da aka fasa, sai ga rata tsakanin kankare da ƙasa, hannuna ya shige har wuyan hannu. Bangon lafiyarsa ƙalau saboda harsashin ya kai ƙasa, cikon ne ya gudu ya bar daɓen a rataye. Mun sayi tayil sau biyu, mun biya aiki sau biyu, mun kwashe wata guda muna kwana a ɗaki ɗaya da yara.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni jikar masu daɓe ce. A garinmu in za a yi wa amarya ɗaki, mata ne ke taruwa da madaɓai, a baje tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu ana waƙa, a bar shi ya sha iska, a dawo a sake, a ƙarshe a shafe da ruwan makuba. Ba wadda ta taɓa cewa a malale ɗaki da ruwa a tafi. Kakata da ba ta san boko ba ta san yayyafi ake yi, ni da takardata na tsaya ina kallo ana yi mini fadama a falo.

Injiniya: Hajiya, kakarki ta riga mu. Abin da take aunawa da hannu shi muke aunawa a ɗakin gwaji. Wani injiniya a Amurka mai suna Proctor, wanda ya yi aikin madatsun ruwa a Los Anjalas, shi ya fitar da gwajin a 1933, har yau da sunansa ake kiransa. Ana zuba ƙasa a wani ɗan gwangwanin ƙarfe, a riƙa sakar mata guduma mai nauyin kilo 2.5 daga tsayin santimita 30, a maimaita da ruwa kaɗan, da matsakaici, da mai yawa. Abin da ake gani kullum shi ne kowace ƙasa tana da wani adadin laima da ta fi matsuwa a kansa. In ta bushe ƙwayoyin ba sa zamewa su shige juna. In ruwa ya yi yawa shi zai cike gurbin iskar, kuma ruwa ba ya matsuwa, sai ka ga injin yana tafiya ƙasa tana lumshewa tana dawowa kamar katifa. A manyan ayyuka ana neman ciko ya kai kashi 95 cikin 100 na matsuwar da aka samu a gwajin.

Kai da ba ka da ɗakin gwaji, Baban Khalifa, ka damƙi ƙasar a hannu. In ta dunƙule ta riƙe siffar yatsunka ba ta jiƙa maka tafi ba, kuma da ka sake ta daga ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu, ta yi daidai. In ta wargaje tun a hannu, a ƙara ruwa. In ta manne maka ko ta faɗi ta baje kamar tuwo, a bar ta ta sha iska. Ya fi kyau a yayyafa wa tarin ƙasar ruwa tun da yamma, ta kwana laimar ta ratsa ta.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ku yi mini haƙuri in ɗan kare mai tankar ruwa, don wajenmu ba duka ba ne laifi. Hilayenmu da yawa jigawa ce, rairayi zalla. Shi rairayi in ka buga mai madaɓi a bushe, gudu yakai gefe, ka buga nan ya tashi can. Da munka yi gidan wana, ruwa munka ba shi sosai hawa-hawa, sannan munka bi da injin mai girgiza, ya zamna kamar dutse. Amma wanga sai in rairayin tsabtatacce ne kuma ruwan na da inda za ya tsiyaye. In da laka a ciki ko a ƙarƙashi, ka yi ma kanka tabki. Kuma rairayi na son a tsare shi, in babu bango kewaye da shi ruwan damana na yashe shi ta gindi.

Injiniya: Haka ne, Malam. Yashi girgiza yake so, yumɓu kuma duka yake so. Shi ya sa injinan ma iri biyu ne. Akwai mai faranti, wanda ake turawa yana karkarwa, ya fi dacewa da yashi da tsakuwa da fili mai faɗi. Akwai mai tsalle, mai ƙafa ɗaya, shi ne na jar ƙasa mai danƙo da lungu da cikin rami. In jar ƙasar mai tsakuwa ce sosai, irin marmara, mai farantin ma yana yi, muddin ba a cika kaurin hawan ba. Kowane hawa a bi shi sau huɗu zuwa shida, ana haɗa sawu, har ka ga injin ya daina barin shaida.

Mai Tifa: Tunda an zo kan ƙasa, bari in faɗi abin da na sani ko da 'yan sana'armu za su ji haushina. Kalmar “ciko” a bakin direba tana ɗaukar komai. Akwai jar ƙasa ta kan tudu mai tsakuwa, ita ce ta gaske. Akwai ƙasar da aka kwaso daga yasar kwata, akwai ta rusau, akwai wadda aka kankaro daga saman gona. Duk in ka ce “ciko mai sauƙi” ɗaya daga cikinsu za a kawo maka, wani lokaci a lulluɓe samanta da ja. Ka faɗa da bakinka cewa jar ƙasa mai tsakuwa kake so, ka tsaya ko ka tsayar da wani a ga juyewar kowace mota. Wadda ka ga baƙi, ko leda, ko wari, ka ce a mayar tun ba a ɗaga bodi ya ƙare ba.

Na biyu, kada ka yi ciniki da “tifa” kawai, tifa suna ta tara. Ka sa tef ka auna tsawon bodi da faɗi da zurfi, ka san abin da kake biya. Na uku, in za ka saya ka saya kafin ruwa ya sauka. Da damina ramukan ɗiba suna cika, hanya ta lalace, kuɗi ya hau, abin da za a kawo maka ma caɓi ne.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri. To ta yaya zan san yawan da zan saya? Ginin kamar mita 12 da 10 ne a zane.

Injiniya: Lissafin ba wuya. 12 sau 10 ya ba ka 120. Zurfin ciko ƙafa biyu, wato kusan santimita 60, ka ninka 120 da 0.6, ka samu kubik mita 72. Wannan shi ne bayan an daɓe. Tunda a sake ake kawo ta, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko ɗan fiye, ka nufi 90 zuwa 95. Sai ka raba da abin da ka auna a bodin motar. Kaurin bangaye zai ɗan rage maka, ƙasar saman da za ka kankare kuma za ta ƙara, kusan su kashe juna. In magini ya ce maka 72 ɗin cif ta ishe shi har da ragi, to ka san ba daɓewa zai yi ba.

Baba Magini: Injiniya ya yi lissafi, ni bari in yi maganar awo, don nan ne magina ke cin amanar mai gida ba da niyya ba. Ido ba ya auna fili. Ka sayi farin tiyo siriri wanda ake ganin ruwan ciki, mai tsawo, ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska ko ɗaya. Ruwan baki biyun nan kullum a layi ɗaya yake tsayawa, ko da akwai kwana a tsakani. Ka kafa turke ɗaya mai ƙarfi a inda ba mai taɓa shi, ka ɗauko tsayinsa daga tsakiyar titi, ka zana. Daga shi za a kai wa kowace kusurwa alama. Shi ne uban awo har a gama gini.

Kuma kada ka auna da titin yau. Titin unguwa in aka zo yin kwalta ko kwalbati ɗaga shi ake yi. Gidaje nawa ne a cikin birni yanzu sai ka sauka matakala kafin ka shiga zaure? Ni ina ba da shawara daɓen ɗaki ya haura titi da bulo biyu aƙalla, uku in da hali. Zai ci maka ƙasa, amma ba ka kwana kana kwarfar ruwa a watan Agusta ba.

Ƙasan ramin harsashi shi ma a miƙe ake son sa. In fili gangare ne ba a bin gangaren, matakala ake yi masa, kowane taki daidai tsayin bulo. In lebura ya zarce da tono a wani wuri, kada a mayar da ƙasa a tattake da ƙafa a ce ya yi, da kankare ake cike wurin. In kuma ruwa ya kwana a ramin, a kwashe taɓon nan kaf kafin a zuba komai.

Ɗan Yerwa: Ina biye da ku daga Maiduguri. Tambayata ga Injiniya, duk wannan bayani ya shafi irin ƙasarmu ta gabas? Wajen Dikwa da Ngala da Marte akwai baƙar ƙasar nan da muke kira firgi, wadda ake shuka masakwa a kanta bayan ruwa ya janye. Da rani tana dararrabewa har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kumbura ta riƙe takalmi. Na ga ɗakin da aka daɓe da kyau, amma duk shekara tsagarsa tana buɗewa da rani ta rufe da damina kamar tana numfashi.

Injiniya: Wannan babi ne daban, kuma madalla da ka kawo shi. Irinta ce a wajen Numan, da kuma arewacin Kamaru inda suke ce mata karal. Yumɓun cikinta yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ƙarfin kumburin yana iya ɗaga ƙaramin gida. Abin mamaki, gida mara nauyi ya fi shan wahala a kanta. Daɓe ba ya maganinta, kuma haramun ne a yi ciko da ita. Ko dai a kwashe ta a maye da jar ƙasa ko yashi in ba ta da kauri, ko a zurfafa harsashi ya wuce inda laima ke hawa da sauka, ko a yi fandisho irin na faranti guda mai rodi da bim wanda zai motsa gaba ɗaya. A aikin titi har farar ƙasa ake gauraya mata don ta rage kumburi. Sannan a zagaye gidan da daɓen siminti mai gangare, a nisanta sokawe da itatuwa, musamman darbejiya, don saiwarta tana tsotse laimar gefe ɗaya. A irin wannan ƙasa kam ban yarda mutum ya yi gini da shawarar zaure ba, a kira injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya gani da idonsa. Haka ma masu sake gini a unguwannin Maiduguri da ambaliyar madatsar Alau ta shafa a Satumbar 2024, a tona a duba, ruwa yana iya yashe ƙasa ta ƙarƙashi sama tana nan lafiya.

Mai Fanfo: Ni roƙona ɗaya ne. Don Allah a kira mu kafin a daɓe, ba bayan an gama ba. Sau nawa ake gama ciko mai kyau, sai a tuna da bututun banɗaki, mu zo mu tsaga rami a tsakiya, a mayar da ƙasa da shebur a rufe. Nan wurin ne yake fara lotsawa, kuma nan ne ruwa yake. A shimfiɗa bututu a kan yashi, a rufe shi da yashi, a daɓe gefensa da hannu, kada a hau kansa da inji sai ƙasa ta yi kauri a sama. A toshe bakinsa a cika shi da ruwa ya kwana a ga ko yana yoyo, sannan a rufe.

Maman Ilham: A ƙara da maganin gara. In akwai suri a filin a tone shi har a fitar da uwar, a cike ramin hawa-hawa kamar sauran. Kuma a fesa maganin gaske a kan ciko kafin a shimfiɗa leda. Mu baƙin mai aka zuba mana, wai yana korarsu. Wari kawai ya yi, firam ɗin ƙofofi biyu suka cinye.

Baban Khalifa: Jama'a na dawo da labari. Jiya na sa an haƙa ramuka biyar kamar yadda Baba ya ce. Na kusurwa uku da na tsakiya, bayan ƙafa ɗaya da rabi sai jar ƙasa mai tsakuwa, diga har tana tartsatsi. Na kusurwar baya ta hagu kuwa, innalillahi. Toka, gwangwanaye, leda, har da ƙashin dabba, mun kai ƙafa biyar ba mu ga ƙarshensa ba. Wani dattijo makwabci ya ce bakin wani rami ne da ake ɗibar ƙasar bulo a da, ya ɗan shigo cikin filina. A zane, nan ne ɗakin maigida zai zauna.

Ɗan Autan Zaure: Maigida a kan juji! Na janye maganar tankar ruwa, Baba a yafe mini.

Baba Magini: Alhamdu lillahi da ka gani yanzu. Kada hankalinka ya tashi, kusurwa ɗaya ce. Ka ƙara ramuka biyu ko uku a kewayenta ka gano iyakar jujin. In bai ci wuri da yawa ba, mafi sauƙi a matso da ginin gaba, a bar wurin ya zama tsakar gida ko a dasa lemo. Katangar da za ta bi ta kansa a yi mata ginshiƙai da bim ta tsallake, kuma a raba ta da jikin gida.

Wani abu da na manta. In an ɗaga bulon harsashi, a cike ramukansa da kankare, a ba shi kwanaki ya kama kafin a shiga da inji. Kuma a riƙa cike ciki da waje tare. Na ga bangon da injin daɓe ya ture saboda an cika ciki ƙafa uku, waje babu komai.

Injiniya: Ni ma matsowar na fi so. In dole sai an hau wurin, to sai an kwashe sharar kaf har ƙasar asali, ko a saukar da ginshiƙai su same ta, kuma wannan sai an zana. Kada kuma ka ce za ka yi sokawe a nan don rami ya riga ya samu, ruwan zai jiƙa jujin ya ja gefen ginin. Tunda Jami'ar Bayero tana kusa da kai, ka leƙa sashen injiniyan gine-gine ka tambayi yadda ake gwajin ƙasa, ka kai musu samfurin ta filin da ta cikon da za ka saya. In zanen ya canza, ka mayar da shi KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, a gyara amincewar kafin ka fara.

Kan hayar inji, masu ba da hayar injin kwaɓa kankare galibi suna da shi ko sun san mai shi. Ka ɗauka da mai tuƙa shi, ka yi ciniki da yini, man kuma naka. Amma kada ka kira shi sai ƙasa tana wurin, ruwa yana cikin duro, lebura huɗu suna tsaye, in ba haka ba yinin zai ƙare ana jiran baro. Gwajin ƙarshe na kowane hawa, ka ɗauki guntun rodi mai milimita 12 ka danna da nauyin jikinka a wurare da yawa, musamman kusurwoyi da jikin bango inda inji ba ya kaiwa. Inda ya shige da sauƙi a sake bi da madaɓin hannu.

Baba Magini: Madaɓin ma ba sai ka saya ba. Babban gwangwanin fenti, a cika shi da kankare, a soka masa ƙota a tsakiya, bayan kwana uku ya zama.

Maman Ilham: Baban Khalifa, ranar daɓen ka ɗauki hutu a wurin aiki ka kai kujera ka zauna. Ka ƙirga hawan da kanka. Kuma ka sa Maman Khalifa ta aika musu da kunu, sun fi bugawa da kyau.

Baban Khalifa: In sha Allahu haka za a yi, Hajiya. Na yi magana da mai zane, ya ce za a iya matsowa gaba da ƙafa takwas in an rage wurin ajiye mota. Gobe za mu ƙara ramukan. Mai Tifa, zan neme ka ta gefe, amma da tef ɗina zan zo.

Mai Tifa: Ka zo da shi, ranka ya daɗe. Ka dai fara duba mini layin naku ko mota mai ƙafa goma za ta iya juyawa, in ba za ta iya ba sai mu yi da ƙarama.